Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Fijo 504 da Ta Daɗe a Ajiye

Da mutum ya haura arba'in, ɗawainiyar gida ta ɗan lafa, sai ka ga idonsa ya soma komawa kan motar da aka riƙa kai shi firamare a cikinta. A nan Bauchi galibi motar nan Fijo 504 ce. Ta baba ce, ko ta kawu, ko ta wani tsohon ma'aikacin gwamnati a unguwa, an jingine ta a gindin darbejiya, tayoyi sun nutse a ƙasa, awaki suna kwana a kan bonet. Na tayar da irinta da dama, nawa da na abokai, kuma kusan duk wanda ya zo neman shawara da tambayar mai fenti yake farawa. Fenti shi ne aiki na ƙarshe. Tayar da injin ma sai an kai mataki na bakwai. Wanda ya bi aikin a jere zai fitar da kuɗi sannu a hankali, kuma idan motar ba mai tasuwa ba ce zai gane tun bai zuba da yawa ba.

Na ɗauki 504 ne saboda ita ce ta fi sauƙi ga sabon shiga. A 1968 aka fito da ita a Faransa, kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya yi ta harhaɗa ta har bayan shekarar 2000, lokacin da Turai ta daɗe da mantawa da ita. Shi ya sa kayanta ba su ɓace ba, kanikawan da suka san ta ma suna nan da ransu. Ba ta da kwamfuta, ba ta da na'urar da sai an jona mata inji kafin ta faɗi ciwonta. Mafi yawan abin da zan faɗa zai yi wa mai 505 ko 404 amfani, amma lambobin da na kawo na 504 mai fetur ne.

Kayan aiki

- Sufana da soket masu lambar milimita, daga 8 zuwa 19, da babban soket guda na notin fulin injin. Sufanar fulogi kuma mai dogon wuya, domin fulogin 504 a can cikin rami suke.
- Sukundireba, filaya, guduma, burushin waya, samfefa, tocila, da ɗan maganaɗisu.
- Jak, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota. In babu su, guntayen katako masu kauri. Bulon siminti kam a'a, yana rugujewa ba tare da ya yi sallama ba.
- Ma'aunin tazara, wato siraran ƙarafan nan da ake saita fulogi da bawul da su.
- Fitilar gwaji: ƙwan mota guda da aka haɗa wa waya biyu.
- Batir mai caji, galan mai tsabta, tiyon fetur kamar mita biyu.
- Baƙin mai 20W-50 na juye biyu, filtar mai biyu, man birki DOT 3 ko DOT 4, kananzir, giris, feshin wanke kafireta, tsumma mai yawa.
- Tukunyar kashe gobara. In ba ka samu ba, bokitin yashi a kusa da hannu.
- Ledoji da tef na rubutu. Duk abin da za ka kwance ka ɗauke shi hoto da wayarka tukuna.

Sai abu guda da ba a saya a shago: tsohon bakanike wanda ya yi zamani da kafireta. Yaran yanzu gwanaye ne a Honda da Toyota, amma da yawansu ba su taɓa saita kwantak ba, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya sami wuta. Ka tambayi direbobin da har yanzu suke jan 504 fikof zuwa kasuwannin ƙauye, su suka san inda dattijon yake.

1. Ka san motar ta wace ce

Motar mamaci gado ce, ko da kaji ne ke ƙwai a cikinta. Yau ba wanda ya kula ta, amma ranar da ta fito tana ƙyalli kowa zai tuna yana da kaso. Kafin ka taɓa noti ɗaya ka je wurin Hajiya ka ce, "Hajiya, ina so a yi wa motar Baba kuɗi in saya daga hannun magada." A kira Yaya da sauran 'yan'uwa, mata da maza, a sa wanda ya san mota ya yi mata farashi, ka biya, a rubuta, shaidu su sa hannu. In saya za ka yi a hannun wani, ka nemi tsofaffin takardu, ka buɗe bonet ka gwada lambar shasi da ke jikin motar da wadda ke takarda. In sun saɓa, ka haƙura da ita komai kyanta. Sabunta lamba da lasin da inshora ka bar su sai motar ta tashi, ka dai san suna jiranka. Ƙaramar inshora ta motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023.

2. Duba jikinta kafin ka motsa ta

Ka fara da bubbuga ta da sanda, ka buɗe ƙofofi da bonet da but ka ja da baya. Maciji da kunama da rina suna son motar da ta yi shiru. Kada ka tura hannu inda idonka bai gani ba.

Daga nan sai neman tsatsa, domin ita ce ke yanke hukunci. Inji kowane iri ne ana gyara shi ko a sauya, amma motar da ƙashinta ya ruɓe ta gama. Ka ɗaga kafet ka daddanna ƙasa da sukundireba. Ka duba dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da wuraren da ake kafa jak, da saman shakazoba na gaba a cikin bonet, da ƙasan but, da inda ƙafafun baya suka kama jiki. Sa'armu ita ce ƙasarmu busasshiya ce, motar da ta yi rayuwarta tsakanin Bauchi da Azare ba ta ruɓewa kamar wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal. Abin da ke cin namu shi ne inuwar bishiya. Ganye ya taru a ramin da ke gindin gilashin gaba, ya toshe hanyar ruwa, ruwan Agusta ya kwanta a wurin shekara da shekaru, har ya huda ya riƙa ɗiga a ƙafar direba. Ka kwashe ganyen ka haska tocila da kyau.

Sai ka bi jikin da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cusa aka shafe da fenti. Kaɗan a ƙofa ko fenda ba komai. Amma in ka ga rami a inda ƙafa ta kama, ko motar ta karkace gefe ɗaya alhali tayoyi sun daidaita, ka mai da ita ta cire kaya, ka nemi wani bodin.

3. Jawo ta, kada ka tayar

Ka sa mai faci ya ba tsofaffin tayoyin iska, ko ka aro huɗu na wucin gadi. Ka sauke birkin hannu, ka sa firi, a tura. In ƙafa ta ƙi juyawa birki ne ya manne, ka cire tayar ka bubbuga da guduma ta kan katako. A ja ta da sandar ƙarfe, ba igiya ba, tunda ba ka da birki. Ka kai ta inda akwai inuwa da daɓe da ƙofa mai kulle.

4. Sassauta injin da hannu

Nan ne ake kashe yawancin motocin. Wani ya kawo batir ya ce bari mu ji ko tana da rai. Injin da ya shekara goma a tsaye babu ɗigon mai a samansa, ringi sun manne, wataƙila bawul ɗaya ya cije. Sitata ba ta san wannan ba, da ƙarfi za ta juya, ringi ya karye ko sandar da ke tura bawul ta lanƙwashe. Aikin kwana uku ya koma sauke inji.

Ka sa wa wayoyin fulogi lamba da tef kafin ka zare. Ka hure ƙurar da ke ramukan, sannan ka kwance fulogin huɗu ka jera su yadda suka fito. Wanda ya fito da tsatsa a baki, ruwa ya shiga silindarsa. A kowane rami ka zuba cokali biyu na baƙin mai gauraye da ɗan man gas, ka toshe da tsumma, ka bar shi kwana biyu ko uku.

Sai ka buɗe murfin saman inji yadda za ka riƙa ganin bawul takwas ɗin, ka shafa musu mai. Ka sa babban soket a notin fuli ka juya a hankali. In ya motsa kaɗan ya tsaya, ka koma baya, ka sake gaba, kullum kana ƙara kaɗan. Kada ka sa dogon bututu ka hau kai. In ba ka da soket ɗin, ka sa giya ta huɗu, mutum biyu su riƙa jijjiga motar gaba da baya. Abin da kake nema shi ne inji ya zagaya sau biyu cif ba tare da cijewa ba, kowane bawul ya sauka ya dawo. Wanda ya sauka bai dawo ba, ka jiƙa shi da kananzir ka ɗan taɓa shi da guduma ta kan katako. In sati ya wuce inji bai motsa ba, ka daina, sai an buɗe.

In ta kai ga buɗewa, ga abin da ya kamata ka sani ko da ba kai ne mai aikin ba. Silif ɗin 504, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, ba a haɗe suke da bulok ba, zura su ake yi, ruwa yana zagaye su, tof silinda ne ke danne su. Da an ɗage tof, in aka juya injin ba a tokare silif ɗin da noti da manyan wosha ba, za su ɗago, abin da ke rufe gindinsu ya saki, daga baya ruwa ya riƙa sauka cikin mai. Bakaniken da ya san Fijo ba ya fizgo tof sama, gefe yake fara gocar da shi, kuma yana cirewa zai tokare silif. In ka ga naka bai yi haka ba, ka tsayar da shi.

Inji ya juya? To ka juye tsohon man ka kalle shi. Baƙi ƙirin ba laifi. In ya fito da launin shayi mai madara, ruwa ya shiga, ko ta gaskit ko ta silif. In yana warin fetur, famfon fetur ne ya huje yana zuba ciki. Ka sa sabuwar filta, ka zuba sabon mai kamar lita 4, geji ya tabbatar maka.

5. Hanyar fetur

Fetur ɗin da ya daɗe ba fetur ba ne kuma, ya zama wani jan danƙo mai ɗoyi. Kada ɗigonsa ya kai kafireta. Ka sauke tanki, a wanke, a zuba tsakuwa mai tsabta da kananzir a girgiza har tsatsa ta saki, a ɗauraye, a shanya a rana. In ya huje ka nemi wani. Kada ka yarda a kai masa wutar walda don wai ya bushe, tururin da ke ciki ya fi fetur ɗin haɗari. Kafin tankin ya dawo za ka iya tayar da injin daga galan: ka ajiye shi a ƙasa nesa da batir da salansa, tiyo ya tafi kai tsaye zuwa famfon fetur.

Duk tiyon roba na fetur ka sauya, ko da ya yi kyau a ido. Ranarmu tana busar da roba ta ciki. Ka sa ƙaramar filta mai gani-har-hanji kafin famfo, za ta riƙa nuna maka dattin da ya rage.

Kafireta, wadda galibi Solex ce, ka kwance ta a kan faranti, kana ɗaukar hoto mataki-mataki. Ka wanke kwanon da fetur ke taruwa, ka girgiza fulot, ɗan abin da ke yawo a saman fetur ɗin, a kunnenka, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Ka cire jet, wato ƙananan sukurori masu rami da fetur ke bi, ɗaya bayan ɗaya, ka fesa, ka hura, ka ɗaga shi sama ka ga haske ta ramin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zura allura ko waya. Jet tagulla ne, ramin da ka faɗaɗa ba ya komawa, daga nan motar ta dinga shan mai tana baƙin hayaƙi, a tsadar fetur ta yanzu kuwa wannan ba wasa ba ne. In babu feshi, kananzir da famfon keke sun isa. Sukurin silo kuma, wanda ke saita aikin inji in ba a taka totur ba, ka ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya zauna, ka rubuta, don ka mayar da shi inda yake.

6. Wuta

Ɓera ya riga ka shiga wayarin. Ka bi wayoyin bonet da na ƙarƙashin dashbod da ido da hannu, ka naɗe duk inda ya ci. Ka buɗe akwatin fiyus, za ka tarar da wasu an maye su da zaren waya ko takardar sigari. Ka fitar da su ka sa na gaskiya.

Kafin ka ɗaura batir gaba ɗaya, ka ɗaura kan mai alamar tarawa, sannan ka sa fitilar gwaji tsakanin ɗaya kan da wayarsa, komai a kashe, ƙofofi a rufe. In ƙwan ya kama da haske sosai, akwai inda wuta ke zuba. Ka riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har ya mutu, ka gano layin. Wannan ɗan gwajin ya hana motoci da yawa ƙonewa. In abin ya fi ƙarfinka ka kira mai rewaya.

Sai disbuto, mai raba wa fulogi wuta. Kafin ka sassauta shi ka yi masa alama da jikin inji. Ka buɗe murfin ka duba tsaga, ka goge rota, ka sauya kwantak da kwandansa tare. Tazarar kwantak milimita 0.4 ce in ya buɗe iyakarsa, ta fulogi 0.6. In ba ka da ma'auni, kaurin ruwan zarton ƙarfe ya yi kusa da na fulogi, kwalin ashana kuma zai kai ka gida a kwantak, amma ka sayi ma'aunin, ba shi da tsada. Jerin wuta 1-3-4-2 ne. Abin da ke rikita wanda ya saba da motar Jafan shi ne a Fijo silinda ta ɗaya tana can baya wajen kuloci, ba wajen lagireto ba. Ka riƙe wayar koyil da filaya mai roba kusa da jikin inji, wani ya taɓa makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara kake so. Ja mai rauni yana nufin koyil ko kwandansa ko batir.

7. Ruwa, sannan tayarwa ta farko

Ka cire lagireto a wanke shi ciki da baya, ka sauya tiyoyin ruwa da fambel da murfi. Ka kama fankar ka girgiza, in famfon ruwa yana lilo ya ƙare. Tamostat kuwa, wadda ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama, za ka ga ko dai an cire ta tuntuni ko za a ce maka ka cire, wai ta ƙasar sanyi ce. Ni ban yarda ba. Ka jefa ta a tukunyar ruwan zafi, in ta buɗe kafin ya tafasa ka mayar da ita. Injin da ba ya ɗumama da wuri, musamman da safiyar hunturu, ya fi shan mai ya fi saurin cinyewa. Fankar asali tana da kuloci na maganaɗisu da ke kama ta sai ruwa ya yi zafi. Da yawa an ɗaure su suna juyawa kullum, kuma a zafin Maris da Afrilu na Bauchi wannan ba na faɗa da shi. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin gishiri, tof ɗin kuma alminiyam ne, yana zaizayewa. Ka sa ruwan lagireto na gwangwani, in babu, tataccen ruwan sama.

Yanzu ka juya injin da sitata, fulogi a cire, tsumma a kan ramukan, daƙiƙa goma-goma kana hutawa, har jar fitilar mai ta mutu. Mai ya zagaya ke nan. Ka ɗaura fulogi, ka ja cok, yashi ko tukunyar gobara a kusa. Kada kowa ya sunkuya a kan kafireta yana tsiyaya fetur daga gora, in ta yi tari wuta ce za ta fito ta nan. Cokali ɗaya a zuba, a ja da baya, sannan a murɗa.

In ta kama kada ka taka totur don maƙwabta su ji. Ka bar ta a silo. Hayaƙi zai turnuƙe na 'yan mintoci saboda man da ka zuba, wannan ba komai. Idonka a kan fitilar mai da gejin zafi, wani kuma yana leƙa ƙasa. Bayan ta ɗumama ka karanta hayaƙin: shuɗi mai ne, ringi ko bawul, baƙi fetur ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya yankewa, ga kumfa a lagireto, gaskit ne. Shuɗin ka ba shi lokaci, sau da yawa ringi suna saki bayan 'yan kwanaki. Washegari da safe, inji a sanyaye, a saita bawul: na shiga 0.10, na fita 0.25. Bayan ta yi aiki na 'yan awoyi ka juye man nan ka sa na biyu da sabuwar filta, domin na farko wanki ya yi.

8. Birki da kuloci

Jin ƙarar inji yana sa mutum ya ce bari in ɗan zaga unguwa. Kada ka fita. Man birki yana tsotsar danshi, shekarun da ta yi a tsaye ya cinye masta, wato famfon da fedar birki ke turawa, da silindun ƙafa ta ciki. Feda zai iya yin tauri a tsakar gida ya nutse a shataletalen Wunti.

Ka tokare motar da kyau, ka buɗe ƙafa huɗun. Wasu 504 faranti ne gaba da baya, wasu ganga ce a baya, musamman wagon da fikof. Ƙurar tsohon birki ka jiƙa ta ka goge, kada ka hura, tana da illa ga huhu. A sauya robobin masta da na ƙafafu da tiyoyin roba gaba ɗaya. Da man birki ake wanke su, fetur ko kananzir yana kumbura roba. Wajen fitar da iska a fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, ɗaya yana taka feda, ɗaya yana buɗewa yana rufewa, kofin kuma kada ya bushe. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa in man birki ya ƙare a hanya, kada ya kusanci motarka.

Kulocin 504 shi ma da man birki yake aiki, a yi masa irin wannan hidimar. In feda ya yi daidai amma giya ta ƙi shiga, faranti ne ya manne. Bayan birki ya tabbata, ka ɗumama injin, ka kashe, ka kai ta fili babu kowa, ka sa giya ta biyu, ka danne kuloci, ka tayar a haka. Za ta yi gaba. Ka riƙa taɓa totur kana saki, ƙafarka a kan kuloci, har ka ji ya ɓalle.

9. Taya, giya da ƙafa

A gefen taya akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT: 2319 na nufin sati na 23 a 2019. In lamba uku ce, kafin shekarar 2000 aka yi ta. Tayar da ta zauna a rana ta mutu ko da zanenta bai goge ba. Ka juye man giya da na aksul. Akwatin giyar 504 baƙin man inji yake sha bisa littafinta, aksul ne ke shan mai kauri, kada a haɗa maka su. Ka ɗaga kowace ƙafa ka girgiza don jin boris da bushin.

10. Neman kaya

Araha ba ta ado. Kwantak da kwandansa da robobin birki na jabu sun cika kasuwa, a kwali mai hoton zaki. Kayan roba da filta da fulogi ka saya sababbi a hannun wanda zai karɓa in sun ƙi. Kayan ƙarfe kuwa, kafireta, disbuto, sitata, hannun ƙofa, tsohon na asali da aka gyara ya fi sabon da ba a san mahaifarsa ba. Kullum ka tafi da tsohon a hannu ka gwada. Abin da ya gagara a Bauchi ana samunsa a Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Injin 505 mai lita biyu da kafireta dangin na 504 ne, kayansu da yawa suna shiga juna. In kana da fili, sayen matacciyar 504 ta biyu don cire kaya yakan fi sauƙi a kan bin kasuwa. Za a ba ka shawarar ka sa mata injin Toyota ka huta. Motarka ce. Amma in ƙarar da ka sani tun kana yaro ce ta dawo da kai, ba za ka same ta a nan ba.

11. Gwaji a hanya

Takardu su cika tukuna. Fita ta farko bayan asuba ce, cikin unguwa, kana gwada birki tun a giya ta ɗaya. Ka dawo ka taɓa kowace ƙafa, wadda ta yi zafi birkinta na riƙewa. Sai kilomita ashirin a hanyar Dass ko ta Ningi, da wani yana bin ka. Jarrabawar gaske ita ce hanyar Jos: ka wuce Zaranda da Nabordo, ka hau ta Tilden Fulani da rana tsaka. In allurar zafi ta tsaya a tsakiya, kuma inji bai yi ƙas-ƙas a hawa ba, ta ci. In ya yi, a ɗan mai da taimin baya. A but kada a rasa fambel, kwantak, kwandansa, fiyus, galan na ruwa da man birki. Kuma ka riƙa fita da ita ko sau ɗaya a sati ta yi zafi sosai, zaman da ya kashe ta da farko zai iya sake kashe ta.

12. Bodi da fenti

Ka yi wata biyu ko uku kana hawanta da tsohon fentinta. Bayan nan ka kai wa fanalbita, da sharaɗin inda ya ruɓe a yanke a sa ƙarfe, ba a cusa fila ba. Ka je ka gani da idonka kafin a shafa faramar. Launin asali yana nan a ƙarƙashin kafet ɗin but ko cikin ƙofa inda rana ba ta kai ba, da shi za a haɗa. Kada a fesa a fili lokacin hunturu, ƙura za ta zauna a kai, kuma kada a fesa ranar da hadari ya haɗu. Ka nemi mai rufaffen ɗaki, a yayyafa wa ƙasa ruwa. A cire gilashi a sa sababbin robobi maimakon a liƙe da jarida. Kujeru in soson bai mutu ba a sake musu riga kawai, a bi ɗinkin asali.

Kafin motar ta kwana a gareji, ka kwance zakin gaba, da lambar 504, da wilkaf, da madubai, da ƙarafan ado na gefe da kanka, ka sa a leda ka kai gida. Waɗannan su suka fi wuyar samu a kasuwa, kuma su ne ke fara ɓata a gareji.